Neman mai ɗaukar hoton ambaliya: yadda wata ƙungiyar manoman shinkafa a gaɓar Kogin Haɗeja ta haɗa hujjarta

## Wurin da matsalarsa

Garin yana gaɓar Kogin Haɗeja, tsakanin Auyo da Haɗeja, a Jihar Jigawa. Mutanensa manoman fadama ne: shinkafa da damina, alkama da kayan lambu da rani. Tsakanin gonakinsu da kogi akwai jinga ta ƙasa wadda ake yi wa ciko da buhunan yashi duk shekara. A bayan gonakin kuma akwai wata tsohuwar magudana, wadda ta nan ne ruwan da ya hau fadama yake komawa kogi.

Ruwan kogin daga ƙasar Kano yake tasowa. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, ruwan ya biyo ta Ringim ya gangaro Haɗeja. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwa ya zama yana gudana har da rani, kuma hakan ya yi wa ciyawar kachala daɗi. Tana cika hanyar ruwa, ta rage masa gudu, laka da yashi su kwanta a gindinta, har hanya ta toshe.

Abu uku ne suka addabi manoman. Jinga tana fashewa, kusan kullum a sashe ɗaya. Ruwan da ya shiga ba ya fita, sai shinkafa ta ruɓe a tsaye. In ya janye kuma, ya bar yashi a kan ƙasar noma. Ƙungiyarsu ba tallafin buhun hatsi take nema ba. So take a kawo injin yashe ya buɗe magudanar, a kuma ɗaga jinga a inda take da rauni. Garuruwan da ke neman irin wannan aiki a tsawon kogin suna da yawa, injinan kaɗan ne, jami'an da ke zuwa duba ɓarna kuma galibi sai ruwa ya sauka mota take iya kawo su. Sai su tarar da busasshiyar laka da bayanin baki.

## Satumba 2020: hotunan waya

Jinga ta fashe shinkafa tana gab da fitar da kai. Matasan gari suka ɗauki hotuna da wayoyinsu, suka riƙa tura wa sakataren ƙungiya ta WhatsApp. Ya zaɓi ashirin, aka buga su a wani shagon kwamfuta a Haɗeja, aka liƙa a bayan takardar koke. Takarda ta shiga ofis, shiru.

Daga baya wani injiniya ɗan yankin ya duba kwafin, ya nuna musu inda gizo yake saƙar. Kusan kowane hoto ruwa ne da sama. Babu bishiya ko gini da zai sa a gane wurin, babu abin da ke nuna zurfi, babu kwanan wata. Uku daga ciki ma ba na garin ba ne, daga wani zaure aka turo su suka cakuɗe da sauran.

Waya tana rubuta bayanai a cikin kowane hoto, waɗanda ake kira EXIF: rana, lokaci, irin wayar, da wurin da aka tsaya idan GPS a kunne yake. Idan aka tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar tana matse shi ta share waɗannan bayanai. Sai an tura shi a matsayin dokumen suke tsira. Da aka koma neman hotunan na asali, wasu wayoyin an sayar da su, wasu an goge komai don a samu wuri.

## Agusta zuwa Oktoba 2022: ƙwararru biyu, ba hujja

Ambaliyar 2022 ita ce mafi muni a Najeriya tun ta 2012. Gwamnatin tarayya ta ce fiye da mutum 600 sun rasu, fiye da miliyan ɗaya sun rasa muhalli, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. A wannan karon ƙungiyar ta yanke shawarar biyan mai sana'a.

Na farko mai hoton biki ne daga cikin gari, da kyamara mai tsada. Ya yi wuni guda. Hannunsa ya saba da fito da amarya a dusashe abin da ke bayanta, haka ya yi wa manoman: fuskoki sun fito tar, gonakin da ke bayansu sun zama hazo. Yawancin aikin da tsakar rana ya yi shi, ƙyallin rana a kan ruwa ya ɓoye kan shinkafar da ke leƙowa. Ya gyara launi, ya ƙara wa hadari duhu, ya manna tambarin shagonsa a kowane hoto, ya kawo su a JPEG, wato matsattsen fayil. Agogon kyamararsa ba a taɓa saita shi ba, hotunan suna ɗauke da wata shekara dabam. Da aka nemi na asali bayan mako guda, ya riga ya goge katin don bikin ƙarshen mako.

Na biyu ɗan jarida ne mai ɗaukar hoto, gogagge, wanda wani ɗan garin da ke aiki a Kano ya samo ta Instagram. A kudu yake zaune. Kafin a daidaita farashi, a haɗa kuɗin, ya kewaye hanyoyin da ruwa ya yanke, an ci kusan mako biyu, ruwa ya sauka da fiye da tsawon gwiwa. Ya zo da ƙaramin jirgi marar matuƙi amma ba shi da takardun izini, jami'an tsaro suka ce ba zai tashe shi ba.

Hotunansa sun yi ƙarfi: rumbu ya kife, mata ɗauke da tabarmi a ka, yara a ajin makarantar da aka mayar sansani. An buga wasu, kuma sun jawo taimakon abinci daga masu hali. Sai dai bai ɗauki fashewar jinga ba, bai je magudanar ba, don babu wanda ya ce masa nan ne maganar take. Babu yarjejeniya a rubuce, saboda haka hotunan nasa ne. Ya turo wa ƙungiyar ƙanana guda goma sha biyar.

## Rani na 2023 zuwa Maris 2024: sake neman daga tushe

Daminar 2023 ta wuce jinga ba ta fashe ba, aka samu sarari. An kafa kwamiti na mutum huɗu: shugaban ƙungiya, sakatare, injiniyan nan, da wata malamar makaranta. Kafin su nemi kowa, sai suka rubuta takarda mai shafi ɗaya da ke faɗin tambayoyin da hotunan za su amsa. A ina jinga take fashewa, kuma faɗin fashewar mita nawa ne? Zurfin ruwa nawa ne a gona, kwana nawa yake zama? Daga ina zuwa ina magudana ta toshe? Me ya rage a kan ƙasa bayan ruwa ya tafi?

Sannan aka shiga neman sunaye. Hanya mafi sauƙi ita ce duba ƙasan hotunan ambaliya a jaridu irin su Daily Trust da Aminiya, inda ake rubuta sunan wanda ya ɗauka, a bi ta reshen ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ a Dutse ko Kano a samu hanyar magana da shi. An duba kundin African Photojournalism Database, wanda World Press Photo da Everyday Africa suka kafa, da na Women Photograph, inda ake samun sunayen masu aikin jarida da ƙasashen da suke zaune. An tambayi ma'aikatan ƙungiyoyin agaji wa suke ɗauka idan suna son hoton aikinsu. An kuma leƙa sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero.

A jami'a ne aka ware musu sana'o'i biyu da suke haɗawa wuri ɗaya. Mai ɗaukar hoto daga ƙasa daban, mai zana taswira daga sama daban. Ɗan jarida mai jirgi zai kawo hoton sama mai kyau, amma hoton da za a aza ma'auni a kansa a ce fashewar mita kaza ce, aikin safiyo ne. Don haka aka ƙara neman ofishin safiyo mai rajista da hukumar masu safiyo ta SURCON wanda yake da jirgi.

Sunaye tara aka tara. Tambayoyin da aka yi ta waya sun rage su zuwa uku.

Ba a karɓi zaɓaɓɓun hotuna goma ba. An ce kowa ya nuna aikin wuni ɗaya gaba ɗayansa, mai kyau da marar kyau, tare da bayanin da ya rubuta a ƙarƙashin kowane hoto. A nan ake gane wanda yake rubuta sunan wuri da lokaci da wanda yake rubuta kalaman tausayi kawai. An tambayi ko yana ɗauka a RAW, wato fayil ɗin da kyamara ta ajiye kafin kowane gyara, kuma ko zai yarda ya bar kwafinsa. An tambayi awa nawa zai ɗauka ya iso idan aka kira shi da dare. Duk wanda amsarsa ta wuce awa 24 an ajiye sunansa. An tambayi ko yana da kyamara ta biyu, ko ya taɓa aiki a kwalekwale, ko yana jin Hausa.

Masu jirgi kuma an ce su kawo takardu a gani da ido. A Najeriya, mai aikin kuɗi da jirgi marar matuƙi yana buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama ta NCAA da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Wanda ya ce takardunsa suna kan hanya, an ɗauka ba shi da su.

Mutum ukun da suka rage an biya kowannensu kuɗin rabin wuni don gwaji. An kai su wani kwalbati a bakin magudana, aka ce su ɗauke shi yadda wanda bai taɓa zuwa garin ba zai iya gano shi, ya kuma faɗi girmansa. Biyu sun kawo hoto mai kyau na bakin kwalbatin da ruwa yana fita. Ta ukun, wata mai ɗaukar hoto mazauniyar Kano, ja da baya ta yi sai da tsamiyar bakin hanya da hasumiyar masallaci suka shigo, ta ɗauka. Ta matso ta ɗauki kwalbatin da hanyar da ke kansa. Ta ari tef wajen injiniya, ta sa yaro ya riƙe shi a bakin bututun, ta ɗauki lambar. Sannan ta fito da littafi ta rubuta lokaci da inda ta fuskanta. Ita aka ɗauka. Aikin sama aka ba wani ofishin safiyo na Kano, tashi uku: kafin ruwa, lokacin ruwa, bayan ruwa.

## Maris 2024: yarjejeniya

An rubuta ta da Hausa da Turanci, dagaci ya sa hannu a matsayin shaida. An biya kashi 30 cikin ɗari a matsayin kafin alƙalami, sauran kuma ana biya bayan kowace ziyara. Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba mai hoton za ta zauna cikin shiri, kuma an ware mata ɗan kuɗin wannan zama ko ruwa ya zo ko bai zo ba, tunda tana barin wasu ayyukan ne. Mota daga Haɗeja, kwalekwale, matuƙinsa, rigar kariya daga nutsewa da masauki suna kan ƙungiya.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta bar hoto a hannun wanda ya ɗauka, kuma mayar da mallakar ga wani sai a rubuce. Ƙungiyar ba ta sayi mallakar ba, don zai ninka farashi. An rubuta cewa tana da izinin amfani da hotunan har abada a koke, rahoto, shari'a da jarida, tare da ambaton sunan mai ɗauka. Ita kuma tana iya sayar wa kafafen labarai, ban da hoton cikin gida.

Sauran sharuɗɗan gajeru ne. Ba ta barin gari sai an kwafe RAW na ranar a na'urar ajiyar ƙungiya. Ba a cire komai daga hoto, ba a ƙara komai. Ba a ɗaukar gawa. Ba a shiga gida sai da izinin maigida da na matan da ke ciki. Tana da ikon ƙin shiga ruwa idan ta ga haɗari, ba tare da an rage mata kuɗi ba. Za ta kuma sa hannu a takardar shaidar da sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yake nema kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga na'ura, wadda ke bayyana na'urar da yadda aka samar da fayil ɗin.

## Afrilu zuwa Mayu 2024: kafa turaku kafin ruwa

An bar Disamba zuwa Fabrairu saboda hazon hunturu yana cinye abin da ke nesa. A Afrilu aka zagaya da mai hoton, injiniya da dattawa biyu da suka san inda ruwa yake fara shiga, aka zaɓi wurare goma sha biyu: biyar a kan jinga, huɗu a bakin magudana, biyu a tsakiyar gonaki, ɗaya a kan rufin makaranta.

A kowane wuri an binne bututun ƙarfe a siminti, aka rubuta masa lamba da fenti. GPS na waya yana kuskuren mita uku zuwa biyar, kuma wannan ya isa ya sauya abin da hoto yake nunawa, shi ya sa wannan turke ya fi lambobin GPS aminci. An yi wa kowane turke kati: lambobin GPS, inda ake fuskanta da kamfas, tsayin kyamara daga ƙasa mita 1.5, idon kyamara na milimita 35 ba a canzawa, da wani abu da ba ya motsi wanda dole ya fito a hoton, kamar kuka, turken wuta ko hasumiya. An buga hoton farko an liƙa a bayan katin don a riƙa daidaita na gaba da shi.

An kafa sandunan auna ruwa shida masu tsawon mita biyu, an yi musu fenti ja da fari, kowane zobe santimita 10, yadda za a iya ƙirga su a hoto daga nesa. Safiyo ya auna tsayin gindin kowace sanda, don a iya kwatanta zurfin wuri da wuri.

Tashin farko na jirgi an yi shi kafin ƙarfe goma na safe, domin zafin Afrilu yana wuce digiri 40 kuma batir yana ɗaukar zafi. An shimfiɗa alamu takwas na leda baƙi da fari, mita ɗaya a mita ɗaya, safiyo ya auna wurinsu da na'urarsa. Da su ake ɗaure taswira a ƙasa, in babu su takan goce da mitoci. Jirgi ya tashi a tsayin mita 100, ƙasa da iyakar mita 120 da doka ta sa, kowane hoto yana hawa kan na bayansa da kashi 80 cikin ɗari, na gefensa da kashi 70. A wannan tsayi kowane ɗigo na hoto kusan santimita uku ne a ƙasa. Batir ɗaya ba ya wuce minti ashirin da 'yan kai na aiki, don haka an zo da biyar da janareta.

A ƙarshe mai hoton ta koya wa matasa uku aikin kullum: su tsaya a turke, su duba kati, su ɗauki sanda da ƙarfe bakwai na safe, su tura a matsayin dokumen, kada su goge na wayar.

## Agusta zuwa Satumba 2024: ruwa ya zo

A watan Agusta hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA ta ambaci Jigawa cikin jihohin da ambaliya ta fi yi wa ɓarna. Labari ya riga ruwa isowa garin, domin sakatare yana waya da masunta a Wudil da Ringim kullum. Ranar da suka ce kogi ya cika ya tumbatsa aka kira mai hoton, ta kwana a Haɗeja, washegari da safe tana kan jinga. A daren kwana na biyu jinga ta fashe tsakanin turke na uku da na huɗu, inda dattawa suka nuna tun a Afrilu.

Kowace safiya tana fara aiki da ɗaukar fuskar wayarta tana nuna lokaci da GPS, don a tabbatar agogon kyamara daidai yake. Tana aiki daga bakwai zuwa goma, ta dawo bayan la'asar, da gilashin rage ƙyalli a idon kyamara. A kowane turke hoto uku: na nesa, na tsakiya, na kusa da ma'auni. Kasancewarta mace ya buɗe mata gidajen da namiji ba zai shiga ba, inda ta ɗauki shatin ruwa a jikin bango da tef a gefensa. Irin wannan shati ba ya jira: bangon ƙasa yana zubewa, na bulo kuma a wanke shi.

Ba komai ya tafi daidai ba. Turaku biyu na tsakiyar gona sun nutse, kuma daga kwalekwale mai lilo ba a iya tsayawa a kansu daidai. Sanda ɗaya ruwa ya tafi da ita, don a laka aka kafa ta ba siminti. Kyamara ta farko ta yi gumi a ciki rana ta uku, aka koma ta biyu. Ɗaya daga cikin matasan ya yi kwana huɗu ba caji, jerin hotunansa ya yanke.

Tashi na biyu ma ya ba da wahala. Manhajar da ke ɗinke hotunan sama tana neman abubuwa iri ɗaya a hotuna biyu ta haɗa su, shimfiɗaɗɗen ruwa kuwa ba shi da alama, sai tsakiyar taswirar ta fito da ramuka. Aka sake tashi ana bin jinga da gefen magudana, inda akwai ƙasa da bishiyoyi a kowane hoto, aka ƙara da hotunan karkace da ke nuna fadamar duka.

Wani malami a jami'a ya sauko musu da hotunan tauraron ɗan'adam na Turai, waɗanda kyauta ne. Na Sentinel-2 gajimare ya rufe yawancinsu. Na Sentinel-1, mai aiki da rada, yana ratsa gajimare, ya kuma nuna faɗin ruwan a fili. Amma ruwan da ke ƙarƙashin kachala ba ya fitowa baƙi kamar buɗaɗɗen ruwa, kuma ɗigon hoton mita 10 ne, fashewar jinga ba ta fito sosai ba. An yi amfani da su don nuna girman abin, ba don awo ba.

Sandunan da suka tsira sun nuna abin da ba a taɓa iya nunawa ba. Ruwan kogi ya fara sauka, na gona bai motsa ba. Sandar da ke sama da toshewar magudana ta zauna kusan wuri ɗaya makonni, ta ƙasa da ita tana raguwa kullum.

## Nuwamba zuwa Disamba 2024: bayan ruwa

An koma turaku goma sha biyun, aka yi tashi na uku kafin hazo ya yi nauyi. A gonakin da ke fuskantar fashewar an haƙa ramuka da shebur har sai an taɓa baƙar ƙasa, aka tsayar da tef a ciki aka ɗauka. Kusa da jinga yashin ya kai gwiwa, yana raguwa ana nisa. An sa wa kowane fayil suna iri ɗaya: shekara, wata, rana, lambar turke, fuska. An ajiye kwafi uku, ɗaya wajen sakatare, ɗaya wajen mai hoton a Kano, ɗaya a intanet.

Takardar da aka haɗa shafi goma sha biyu ce. Shafin farko taswira ce da jan layi a kan sashen magudanar da ya toshe da kibiya a kan fashewar. Sai hotunan turaku, uku-uku a jere: Afrilu, Satumba, Nuwamba. Sai jadawalin zurfin ruwa rana-rana. Hotunan mutane biyu kawai aka sa, a ƙarshe.

## 2025: sakamako

An miƙa takardar ta hannun hakimi ga ƙaramar hukuma da ofisoshin jiha masu kula da muhalli da ruwa. Wannan karon injiniyoyi sun zo da takardar a hannunsu, suka wuce kai tsaye turke na uku. Kafin damina an kawo injin yashe mai aiki a cikin ruwa ya buɗe sashen da aka ja wa layi, aka ɗaga jinga a wurin fashewar. Ragowar magudanar ba a taɓa ta ba. Diyyar shinkafar da ta ruɓe ba a samu ba. Gonakin da yashi ya binne, masu su ne suke kwashewa da hannu da amalanke.

## Abin da ya yi aiki, da dalili

Dukan mutanen da aka biya sun iya riƙe kyamara, kuma ɗan jaridar 2022 ya fi kowa suna. Abin da ya raba 2024 da sauran shekarun an yi shi ne tun ruwa bai zo ba. An rubuta tambayoyi kafin a nemi mai amsawa, an ɗauki fadama a bushe don a samu abin kwatantawa, an kuma ɗauki wadda take nisan awa uku a mota, aka biya ta kuɗin jira. Gwajin kwalbati ya fi duba Instagram amfani, domin shafin mutum yana nuna abin da ya iya burge ido da shi, gwajin kuwa ya nuna ko yana tunanin wanda zai auna.

Ba a ce hotunan tausayi ba su da amfani ba. Na 2022 sun kawo abinci lokacin da ake buƙatarsa. Aiki ne dabam, kuma kuskuren na ƙungiya ne da ta biya kuɗin wannan alhali wancan take so. Haka nan ba hotuna kaɗai suka kawo injin ba: hakimi ya bi takardar da ƙafarsa, kuma dama aikin yashe kogin yana gudana a yankin. Abin da hujjar ta yi shi ne ta gaya wa mai rabon injin takamaiman inda zai ajiye shi da tsawon aikin da zai yi, yadda zai iya lissafa kwanaki da mai.

Tsada mafi yawa tana wajen jirgi, kuma tashin lokacin ruwa shi ne ya fi ƙarancin amfani. Ƙungiyar da kuɗinta bai kai ba za ta iya tsayawa a kan tashi biyu, na kafin ruwa da na bayansa. Ɓangaren da ya fi arha, wato turaku, sanduna da matasa uku masu waya, shi ya fitar da jadawalin da ya tabbatar da toshewar. Nan ne kuma rauni ya fi fitowa, kuma gyaransa ba shi da wuya: kowace sanda a kafa ta a siminti, turakun tsakiyar gona a yi musu bututu mai tsayin da zai leƙo saman ruwa, a kuma sayi ƙaramin sola don cajin waya. Kachala tana sake tsirowa a inda aka yashe, don haka ziyarar turakun bakin magudana ta koma sau biyu a shekara, a Afrilu da Nuwamba, kuma matasan ne suke yin ta da katunan da mai hoton ta bar musu.